Wayar Kawu Tana Yoyo

Tunda na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta kira, waccan ta turo saƙo: "Nafisa ya ƙauye? Me kika je yi a Ajingi cikin damina, ko miji aka yi miki?" Maganar aure ce kam ta kai ni, amma ba nawa ba, ku kwantar da hankalinku. Bari in rubuta sau ɗaya a nan kowa ya karanta, babban yatsana ya huta. Sunaye na canza. Mai labarin kuma da bakinsa ya ce in faɗa, wai ai dama mutanen Kano ne kaɗai suka rage ba su ji ba.

Ina wajen aiki Mama ta kira ni. Ta ce, "Kawunki Haladu ya aiko daga Toranke, wai wayarsa tana yoyo."

Na ce, "Ruwa ta sha?"

"Magana take zubarwa. Ki shirya ki je."

Kun dai san aikina: haɗa wa ofisoshi intanet, saita musu na'urori, toshe ƙofofin da 'yan kutse ke bi. A wajen Mama kuwa duk wannan sunansa gyaran waya, bambancina da masu rumfa a kasuwa kawai ni ba ni da lema. Na ce a ba shi lambata mana, in yi masa bayani ta waya. Ta ce ai ya daina magana a cikinta, wannan saƙon ma wayar maƙwabci ya ara, kuma iya abin da ya faɗa ke nan ya kashe. Wanta ne, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, don haka babu wata muhawara. Na ɗauki jakar kwamfuta kamar mai zuwa ceto banki.

Motar Gaya irin wadda kuka sani ce, wadda aka yi wa mutum huɗu amma direba ya yarda da haɗin kan al'umma. Aka matse ni tsakanin wata baiwar Allah mai buhun omo a cinya da wani dattijo mai jan rawani. Ko Mariri ba mu wuce ba dattijon ya zaro waya yana murmushi. An turo masa irin saƙon nan na "an zaɓe ka cikin masu samun tallafi, danna nan, ka tura wa mutum goma." Ina kallo ya danna, ya fara zuba lambar katinsa. Na kasa haƙuri.

"Baba, don Allah kar ka sa. Shafin bogi ne, bayananka za su kwashe."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke an turo miki?"

"A'a."

"To shi ya sa."

Ya juya min ƙeya ya ci gaba, har ya tura wa direba. Direban ya ce Allah ya saka da alheri. Daga nan na ja bakina, na sayi fura a Wudil na sha, na bar kowa da rabonsa.

A Gaya aka ce sai dai babur. Rabona da hawa acaɓa tun ina sakandare, sai ga ni da abaya da jaka ina neman inda ake taka ƙafa. Abin da ya ba ni mamaki, ina cewa "Toranke, gidan Malam Haladu," sai 'yan acaɓar suka kalli juna. Ɗaya ya ce, "Malam Haladu namu?" Wani ya tuntsure da dariya har ya riƙe tanki. Suka fara rige-rigen ɗaukata. Wanda ya yi nasara ya goge min kujera da hularsa, ya ce, "Hajiya, ya jikin Malam? Ya ƙarfin hali?" Ni kuwa har wani daɗi na ji, na ce ashe kawuna sananne ne haka. Allah sarki ni.

Masu tambayar ko akwai iyaka tsakanin Gaya da Ajingi: akwai, kuma wayata ce ta fara saninta. Babu shinge, babu mai duba takarda. Sandunan sabis ne kawai suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya, har aka bar ni da agogo mai tsada. Ɗan acaɓar ya nuna min wata tsamiya, ya ce daga nan sabis ɗin baya ya ƙare, na gaba kuma sai an hau tudu, kuma shi ma yana da ranakun da ba ya son mutane. A nan ne muka faɗa wani kwatamin taɓo, takalmina ɗaya ya yanke shawarar zama a can. Da silifa ɗaya da ƙafa ɗaya mai launin kunu na shiga Toranke, ƙwararriya daga birni.

Ga waɗanda ba su san Kawu Haladu ba: manomi ne, gero da gyaɗa, ya haura sittin, matarsa ta rasu da daɗewa. Tunda nake ban taɓa ganin haƙoransa ba. Muna yara idan ya zo Kano har kyanwar gidanmu nutsuwa take yi. Yanzu yana zaune da ɗansa da matar ɗan, Rabi, wadda kusan sa'ata ce.

Mu a gari idan an kira ka aiki, kana zuwa za a ce ga matsalar. A can kuwa sai da muka yi gaisuwa har ta ƙare muka sake wata. Ya Mama, ya hanya, ya ruwa, ya gajiya, ya Mama kuma. Ya yi min bayanin tsadar taki. Ya yi min bayanin tsutsar da ta shiga wake. Waya ko da wasa bai ambata ba. Da na ce, "Kawu, an ce waya..." sai ya miƙe ya ce lokacin salla ya yi.

Rabi ce ta fasa min komai a madafi, tana tuƙa tuwon dawa ina fama da hayaƙi.

"Ke ba a gaya miki ba? Baba aure yake nema."

Saura kaɗan in faɗa cikin miyar kuka.

Wai wata bazawara ce a Kademi, Hajiya Binta, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A wajen sayar da gyaɗa suka haɗu. Shi ya saya mata waya, suka riƙa tura wa juna saƙon murya, tunda dukkansu rubutun boko ba ya gabansu. Magana ta yi nisa har an fara zancen turo manya. Sai kawai aka wayi gari maganganunsu suna yawo a Gaya. Ba labarinsu ba fa, muryoyinsu. Mafi muni, mijin 'yar Hajiya Binta ɗan acaɓa ne a Gaya, kuma da kunnensa ya ji muryar surukarsa. Aka ce masa wai tsohon ne da kansa ya kawo don a san ya iya zance. Ya gaya wa matarsa, ita ta gaya wa uwarta. Tun ranar Hajiya ta ɗauke wuta. Saƙo ɗaya ta aiko ta bakin wata mai tallan nono: namijin da zai kai muryarta tasha, ya nemi wata.

"Baba ya rantse bai kai wa kowa ba," in ji Rabi. "Ko tuwon kirki ba ya ci. In ba a wanke shi a wajenta ba, an gama."

Ashe ba waya aka kira ni gyarawa ba.

Bayan magariba ya sa aka shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida, tasa da tawa, da tazarar da mota za ta iya wucewa. Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin madara babba. Ya buɗe murfi, ya zaro tsumma, ya warware, ga waya. Wai a ciki yake ajiye ta don kar magana ta fita. Gaskiya dai na jinjina masa, don gwangwani yana tare sabis. Babu abin da ke fita, babu abin da ke shiga. Tsaro ya kai tsaro, waya ta zama dutse.

Ya yi gyaran murya. "Akwai wani abokina a Kademi da muke maganar irin gyaɗa."

"To, Kawu."

"Duk abin da muka faɗa sai a ji a Gaya. Kuma na san mai yi. Malam Audu ne, mai gadin ƙarfen sabis ɗin can. Ta wajensa maganar take bi, shi kuma yana zaune a gindi ba aikin fari. Tun farkon damina ban ƙara amsa sallamarsa ba."

Na ce, "Kawu, ta wajen ƙarfen take bi, gaskiya ne. Amma kafin maganarka ta fita, wayarka tana cakuɗa ta, ta zuba a akwati ta kulle. Ƙarfen nan ɗan dako ne kawai. Ya miƙa wa na gaba, na gaba ya miƙa wa manyan kwamfutocin kamfani, su kuma su nemo inda wayar abokinka take su sauke. Duk cikinsu babu mai makulli. Makullin yana cikin wayar abokinka. Mai gadin nan ko ya hau ƙarfen ya kara kunne, iska zai ji."

Ya ce, "Wato na zalunci Malam Audu."

"Da alama."

"To in akwati a kulle yake, ta ina ake ɗiba?"

"Ko daga bakin akwatin nan, ko na can, ko kuma an yanka wa wani makulli. Ba ni in duba."

Na miƙa hannu. Ya maƙale wayar a ƙirji kamar na ce ya ba ni ƙodarsa. Sai a lokacin na gane: 'yar ƙanwarsa ce ni. Ina buɗe manhajar da suke tura saƙon, sunan wa zan gani a sama? Mai irin gyaɗa. Da ya ba ni wayar nan gara ya bar garin.

Haka muka yi aikin. Shi yana riƙe da waya ya juya mini bayanta, ni ina tabarmata ina ba da umarni kamar masu amsa kira a kamfani.

"Ka ga koriyar nan? Danna."

"Na danna. Ta kawo min hoton raƙumi."

"Ba ita ba ce, koma."

Na fara da abin da na fi zargi. A garin duk wayoyi wuni suke a shagon mai caji, kuma rabin mutane shi suke ba lambar sirrinsu don ya zuba musu karatu da waƙoƙi. Mu a Kano mutum ko mijinsa bai san lambarsa ba, a can mai caji ya san ta liman. Kawu ya ce shi ba ya barin tasa, a kanta yake tsayawa har ta cika. Na tambayi ko ya taɓa danna saƙon cin kyauta, ya ce shi ba mabaraci ba ne. Ko wani ya kira ya ce ya karanto masa lambobin da aka turo? A'a. Ko an sa masa wata manhajar hira ta daban, irin na jabun nan? A'a.

Can sai ya ce, kamar ba komai ba, "Abin da ma ya fara haɗa ni da abokin nawa, sai ya ce ina sauraren saƙonsa in ƙi amsawa. Alhali ina gona, wayar ma a kashe take. In na kunna sai in tarar an riga an ji."

Na ce, "Kawu, danna ɗigo ukun nan na sama. Akwai wajen da ake ganin na'urorin da aka haɗa da wayar. Rufe abin da za ka rufe, ka nuna min tsakiya kawai."

Ya cire hularsa ya rufe sama, ya sa tafin hannu ya rufe ƙasa, ya miƙo min ta nesa yana kallon katanga. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: kwamfuta guda, an haɗa ta tun kafin shuka, kuma ranar ma an yi amfani da ita.

"Ka taɓa kai wayar nan wajen mai kwamfuta?"

Ya yi tunani. Ya ce sau ɗaya, a Gaya, da za a yi musu katin ƙungiyar manoma. Hotonsa yana cikin waya, ya je a fitar masa a takarda. Mai shagon ya ce ya turo, ya ce bai iya ba, sai ya karɓi wayar ya haska ta a jikin kwamfutar, hoto ya fito. Har ya yaba masa da iya aiki.

To ga makullin da aka yanka. Babu wani ɗan kutse daga ƙasar waje, babu aljani, babu Malam Audu. Akwati a kulle yake tafiya lafiya lau, kawai dai gida biyu ake sauke shi.

Da dannawa ɗaya zan cire kwamfutar a take, amma na bari. Hajiya dai ta daina aiko da komai, babu sabon abin da zai zuba, kuma ni shaida nake so. Idan na je na ce mata "an haɗa na'ura," za ta ce an turo 'yar boko ta wanke kawunta da turanci.

Masauki kuwa ɗakin Rabi ne, an kori mijinta zuwa zaure saboda ni. Katifa lafiya, gidan sauro lafiya, sai dai akwai wata akuya da ta ɗauki ƙofar ɗakin a matsayin gadonta na gado, kuma tana da tari. Da safe aka kawo koko da ƙosai masu zafi, irin waɗanda ke sa ka raina duk abin da kake saya a leda. Rabi ta ara min silifa mai girman jirgin ruwa.

Kawu da kansa ya ɗauke ni a babur ɗinsa. Ya saka babbar riga, ya ba ni wayar a naɗe cikin tsumma bayan na rantse ba zan buɗe komai ba sai wajen nan guda. Muna shiga Gaya ya tsaya nesa, bayan wani shagon taki, ya nuna min wajen da haɓa. Ya ce shi zai duba farashi.

Shagon ɗan ƙarami ne: firinta, injin kwafi, kwamfuta ɗaya, da wata ƙatuwar sifika a bakin ƙofa. A gaba benci biyu, cike da 'yan acaɓa masu jiran fasinja. Mai shagon wani matashi ne, Sagir, da gashi an yi masa gyaran 'yan ƙwallo. Na tsaya kamar mai jiran kwafi, na kunna bidiyo a wayata.

"Sagir, yau ma babu sabo?"

"Babu fa. Hajiya ta yi yaji."

"Kai! To sa mana na hadarin nan."

Sai ga muryar kawuna ta cika titi. Kawuna fa, wanda kyanwa ke tsoro. Murya a sanyaye, kamar an jiƙa ta: "Hajiya, na ga hadari ya haɗo ta wajenku, na ce bari in ji ko kin kwashe shanya. Kar ki fita da kanki, ki sa yara."

Benci ya ɗauki sowa. Wani ya dafe ƙirji ya ce, "Wayyo Malam!" Wani ya ce wallahi ya gwada wa matarsa wannan ranar da aka yi ruwa, har nama ta ƙara masa. Ashe har ɓangarori gare su, 'yan Malam da 'yan Hajiya, ana musu kan wa ya fi son wani. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Kunya ta kama ni, haushi ya kama ni, kuma Allah ya gani, ban san yana da wannan muryar ba.

Na warware tsumma, na shiga wajen nan, na danna cirewa. Sifika ta yi ɗif a tsakiyar kalma. Fuskar kwamfutar ta koma fara.

"Kai Sagir, wuta ce?"

Na ce, "Ba wuta ba ce, ni ce. Ni 'yar Malam Haladu ce."

Ban taɓa ganin benci ya yi fili da sauri haka ba. Mutum uku suka tuna suna da fasinja. Na juya kan Sagir da kyamara.

"Hajiya, ni fa ban yi wa kowa kutse ba. Mantawa na yi ban cire ba."

"Tun kafin shuka kake mantawa?"

"To ai... washegari na ji saƙo ya shigo, na danna in ga ko na kwastoma ne. Sai labarin ya yi daɗi."

"Sauran kwastomomin fa, a ina kake haɗa nasu?"

Ya sosa ƙeya. Ashe har wata taga ta daban ya buɗe musu a kwamfutar, don kar a taɓa ta Malam. Wannan ita ce kulawa da abokin ciniki.

"Wa ya ce maka ka ce shi ya kawo?"

"Tambayata aka yi ina na samo, na ce shi ya kawo. Ai shi ya kawo wayar."

"Ya san kana ji?"

"Bai sani ba."

"Ƙara faɗa, ka kalli nan, ka ɗaga murya. Ka iya ɗaga ta wasu."

Ya faɗa. Na gaya masa abin da ya yi laifi ne da ake kai mutum kotu a kai, kuma ko za a kai shi ko ba za a kai ba, ba ni ce mai cewa ba. Na tsaya a kansa ya goge duk waɗanda ya sauke a kwamfutar. Amma kar in yi muku ƙarya, wasu sun riga sun tura wa kansu, kuma wannan babu injiniyan da zai dawo da shi. Ina fita wani daga cikin 'yan bencin ya biyo ni, a ladabce, ya ce, "Hajiya, don Allah ko ƙarshen ne a riƙa sanar da mu." Na kalle shi har sai da ya tuna shi ma yana da fasinja.

A bayan shagon taki na sa wa wayar Kawu makulli, na kuma sa lambar tsaro ta biyu a manhajar, yadda ko an saci lambobin da ake turowa ba za a shiga ba. Na ce ya zaɓi lamba a zuciyarsa, kar ya gaya wa kowa har ni. Ya ce to, sannan ya riƙa faɗarta da ƙarfi yana dannawa, mai taki yana gyaɗa kai. Muka sake wata.

Daga nan sai Kademi. Bai shiga garin ba. Ya tsaya ƙarƙashin wata bishiyar maina a bakin hanya, ya kwatanta min gidan, ya ce shi zai duba iskar taya.

Ƙamshin ƙuli ne ya kai ni gidan tun kafin kwatance. Na same ta a tsakar gida tana matsar tunkuza, mace doguwa, hannuwa duk mai. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi ko ni wace ce. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma yi murmushi ba. Ta sa aka kawo min ruwa da ƙuli a faranti, ta ci gaba da aikinta.

"Shi ya aiko ki?"

"Ni na ce zan zo, Hajiya. Abu zan nuna miki, in kin gani sai ki yanke abin da kika ga dama."

Ta goge hannu ta karɓi wayata. Na riga na yanke wajen da muryar Kawu ta fito, na bar mata bencin, da sifikar, da bakin Sagir. Ta kalla har ƙarshe. Ta ce in mayar. Ta sake kalla. Na yi mata bayanin akwati da makulli, da yadda aka yanka na uku ba da saninsa ba.

"Wato ba mugunta ya yi ba, wauta ya yi."

"Haka ne, Hajiya."

"A shekarunsa." Ta miƙo min wayar. "Yanzu kin toshe?"

"Na toshe."

"Waɗanda suka ji fa? Akwai abin da kike dannawa ya fita daga kunnensu?"

Na ce babu.

Ta koma ta zauna a kan turmi. Sannan ta ce, a hankali, "'Yar nan, na yi zaman aure har na aurar da 'ya'ya, ban taɓa yi wa namiji irin maganar nan ba, har marigayi. Na yi ne don ɗana ya ce min abin nan a kulle yake, daga ni sai wanda na aika wa. Yanzu mijin 'yata in ya hango ni sai ya canza hanya. Yaron kirki, ko gaisuwar Juma'a ya kasa zuwa."

Me zan ce, a kulle yake ɗin, Hajiya, a ƙa'ida?

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da waya a hannu, wadda ya saya mata, da cajarta a naɗe. Na ce a raina shi ke nan, na yi asarar takalmi a banza.

"Ungo, mayar masa. Ni da abin nan har abada." Ta ɗora min a cinya. "Ki kuma ce masa, tunda duk Gaya ta ji bazawara tana hira da namiji, gara a ce matarsa ce aka ji. Ya turo manyansa ranar Juma'a. Wanda ya ji ya ji da kyau."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Ta ce in rufe mata baki, an ji na jiya ma ya isa.

Na fito da silifan Rabi ina ta ɗaf-ɗaf. Kawu yana nan a gindin maina, tayar da yake dubawa ko ƙura bai share mata ba. Yana ganin wayar a hannuna fuskarsa ta zube. Ya karɓa, ya sa a aljihu, ya kama kan babur.

Na ce, "Kawu, abokin naka ya ce a turo manya ranar Juma'a."

Ya tsaya cak. Bai juyo ba. Na ga kunnuwansa sun motsa.

"Juma'a?"

"Juma'a."

"Wacce?"

Ban tambaya ba.

"Ke da aka ce aikinki ke nan, kai saƙo daga nan zuwa can, shi ne kika zubar da rabi a hanya? Koma."

Na koma. Na same ta ta riga ta zuba wani ƙulin a mai. Na ce, "Hajiya, wai wacce Juma'ar?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ta jibi mana. In kuma ta bayan girbi yake so, ya faɗa min tun yanzu in san da wa nake."

Da na kawo masa, ya ce, "Jibi." Ya ƙara cewa, "Jibi." Sannan ya buga babur ya ba shi wuta, babbar riga ta cika da iska, ya miƙe hanya. Sai da ya kusa ɓacewa ya tuna da ni ya juyo.